MAN ƘAMSHIN ITATUWA DA MAGANIN KUMBURI

  

Ya ku ƴan'uwa, ƙananan kwalaben man habbatus-sauda da na kanumfari sun yawaita a ƙofofin masallatanmu, masu sayarwa kuwa suna cewa suna maganin kowane irin kumburi. Ya kamata mu san abin da muke saye.

Mai iri biyu ne. Akwai wanda ake matsewa daga ƙwaya, kamar man gujiya da man riɗi. Akwai kuma man ƙamshi, wanda ake turara ganye ko fure ko ƙwaya, tururin ya kwaso shi, a sanyaya, man ya taso a kan ruwa. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi, domin Alkindi, malamin Bagadaza, ya yi mata littafi tun ƙarni na 9 na Miladiyya. Ganye mai yawa ɗan mai kaɗan yake bayarwa, don haka ɗigo guda yana ɗauke da ƙarfin tsiro mai yawa.

Shi kumburi garkuwa ce da Allah Ya halitta wa jiki. In an ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga, sai jini ya taru a wurin, ya yi zafi, ya tasa, ya riƙa zogi. Cikin abubuwan da ke hura wannan wuta akwai sinadarin furostagilandin, wanda a 1971 aka gano cewa asfirin hana jiki haɗa shi yake yi.

Hadisin Abu Huraira (R.A.) da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa akwai waraka a habbatus-sauda daga kowace cuta ban da mutuwa. A 1963 wani masani ɗan Masar ya ware sinadarin timokinon daga man ƙamshinta, a 1995 kuma masu bincike a Landan suka ga yana rage haɗuwar sinadaran kumburi. Sai dai mu lura, a kan ƙwayoyin jinin ɓera aka yi gwajin, cikin ɗakin bincike, ba a jikin majinyaci ba. Hadisin ma bai ambaci kwalba ko awo ba, kuma Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari maganar Alhaɗɗabi cewa lafazin na gama-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka keɓantattu. Mai jingina cinikinsa ga Annabi (S.A.W.) ya ji tsoron Allah.

Man kanumfari mafi yawansa ijinol ne, fiye da kashi 70 cikin 100, likitocin haƙori kuwa sun daɗe suna aiki da shi don yana kashe zogi. Amma haƙorin da ya tara mugunya ba zai warke da shi ba. Ciwon zai lafa, ruɓar tana ci gaba a ƙarƙashi. In kumatu ya tasa har da zazzaɓi, ko rauni ya ƙi warkewa, musamman ga mai ciwon suga, a tafi asibiti ranar nan.

Man itacen turare yana da siniyol. A Jamus, a 2003, an ba masu asma mai tsanani wannan sinadari cikin awo na mako 12, aka iya rage musu maganin kotizon da kusan kashi 36 cikin 100, a ƙarƙashin kulawar likita. Ba a ce kowa ya ajiye maganinsa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne yara. Littattafan likitanci sun rubuta labarin yaro ɗan shekara 2 da hantarsa ta lalace bayan ya sha man kanumfari wanda bai wuce cokalin shayi biyu ba, man turare kuma yana sa yaro jijjiga kamar mai farfaɗiya. Kada a ba yaro man ƙamshi ya sha, kada a shafa wa jinjiri a hanci ko fuska, mai juna biyu ta tambayi ungozoma tukuna. Babba mai ciwon gaɓoɓi ya zuba ɗigo ɗaya ko biyu cikin cokalin shayi na man riɗi, ya fara gwadawa a ɗan wuri a hannu. Kwalbar kuma a rufe ta, a ɗora inda hannun yaro ba zai kai ba.