Darasin Wannan Mako: Ina Za Ka Ci Abinci Idan Ka Shiga Kano?



Kowace shekara wasu daga cikinmu kan shiga Kano, ko don rubuta jarrabawar JAMB, ko hutu wajen dangi, ko koyon kasuwanci a Kantin Kwari. A gida Inna ce ke girki, a makaranta kuma ƙararrawa ce ke kiranmu ɗakin cin abinci. A birni kuwa kai ne za ka zaɓa wa cikinka.

Bara wani ɗan aji shida ya sauka a wata tasha da magariba, ana gobe jarrabawarsa. Ya sayi shinkafa da salak da suka wuni a buɗe, ya ci ya ƙoshi. Daren nan bai runtsa ba saboda zaryar banɗaki. Washegari ya zauna gaban kwamfuta jiki na rawa, lokaci ya ƙare bai kai rabin tambayoyin ba. Shi ne ya roƙe mu mu rubuta wannan darasi don kada wani ya faɗa irin ramin.

WURAREN CIN ABINCI IRI HUƊU

1. Teburin mai shayi. Yana fitowa da asuba da kuma bayan magariba, da shayi da burodi da wainar ƙwai da indomi. Amfaninsa shi ne a gabanka ake dafa komai. Kusa da shi galibi akwai mai ƙosai da koko ko mai waina.

2. Masu abincin kasuwa da tasha. A Kasuwar Kurmi, da Kantin Kwari, da Ƙofar Wambai, da tashar Unguwa Uku za ka tarar da garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ga ɗanwake, ga tuwo da miyar kuka, ga fura da nono. Nan ne abinci ya fi araha, nan ne kuma ya fi buƙatar sa ido.

3. Masu nama da gurasa. Tsire da balangu sai dare ya yi ake jin ƙamshinsu a bakin titi. Unguwar Agadasawa ta yi suna wajen kilishi, Jakara kuma wajen gurasa, wadda ake gasawa a tanderu. Idan aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba mai da albasa, ta zama bandashe.

4. Gidajen abinci masu teburi da kujeru. Waɗannan su ke nuna tarihin garin. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutanen Kudu suka yi ta zuwa, aka kafa Sabon Gari, shi ya sa har yau can ake neman sakwara da miyar agushi, da amala, da teba. 'Yan ƙasar Labanan da suka daɗe suna kasuwanci a garin sun zo da nasu girkin. Yanzu a titin Gidan Zu da unguwannin Bompai da Nasarawa akwai wuraren shawarma da gasasshiyar kaza da askirim. Kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, sai dai ko ranar salla.

ABIN DA KIMIYYA TA CE

Malamin kimiyya ya koya mana cewa ƙwayoyin cuta ba su ganuwa da ido, kuma ba lallai abinci ya yi tsami kafin ya cutar ba. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin zafi. A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, ke nan kwanon shinkafar da aka ajiye a rumfa ya zame musu gona. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ko cikin firji ba. A ƙiyasin da ta fitar a 2015, kimanin mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu. Kwalara da zazzaɓin taifot duk ta abinci da ruwan da ƙazantar bayan gida ta taɓa suke shiga jiki, kuma kwalara ta fi ɓarna da damina, lokacin da kwatoci ke cika suna malala.

KAFIN KA ZAUNA, DUBA WAƊANNAN

Na ɗaya, tururi. Abincin da aka kwaso daga tukunya yana tururi ya fi aminci. Idan tsire ya huce, ka ce a mayar maka da shi kan wuta.

Na biyu, layi. Inda mutane ke tururuwa abinci ba ya daɗewa. Ka lura da inda 'yan kasuwa da direbobi ke ci kullum, domin su ne suka san gari.

Na uku, ruwan wanke-wanke. Leƙa bayan rumfa. Idan a baho ɗaya ake dulmiya kwanukan kowa tun safe har ruwan ya yi kauri, ka yi gaba.

Na huɗu, hannu. Wanda ke karɓar kuɗi ya kuma damƙi nama da hannun nan, ƙazantar kuɗin ce yake zuba maka. Kai ma ka wanke naka da sabulu, a zuba maka ruwa daga buta, kada ka tsoma a kwanon da kowa ya wanke.

Na biyar, ɗanyen abu da abin sha. Salak, da kankana da aka yanka aka bari a buɗe, da zoɓo ko kunun aya a tsofaffin robobi, da ƙanƙara, babu wanda ke shiga bakinka da zafinsa. Idan za ka sayi fiya wata, duba lambar NAFDAC a jikin ledar.

Kada ka ɗauka tsada ita ce tsafta. Akwai gida mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki wanda madafarsa ba ta kalluwa, akwai kuma baba mai tuwo da ke rufe tukunyarta tana share rumfarta kullum.

BATUN ALJIHU DA LADABI

Ka tambayi farashi kafin a zuba, matambayi ba ya ɓata. Ka ware kuɗin motar komawa gida a wani aljihu daban. Ka yi sallama, ka ce “Baba, a zuba mini na kaza,” ka yi godiya idan ka gama. 'Yan uwa mata, idan dare ya yi ku tafi da rakiya, ko ku sa a ƙunshe muku ku ci a masauki. Ana gobe jarrabawa kuwa, kada kowa ya gwada abincin da cikinsa bai saba da shi ba.

IDAN CIKI YA ƁACI

Babban haɗarin amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan gudawar ta yi kama da ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko ido ya faɗa, a garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa abinci mai tururi ya fi wanda ya huce aminci?
2. Kawo cututtuka biyu da ake ɗauka ta gurɓataccen abinci ko ruwa.
3. Ranar fita gari, auna mai abincin da ka saba saye a wajensa da abubuwa biyar ɗin nan. Guda nawa ya cika?

A jefa amsoshi a akwatin Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin ranar Alhamis. Za mu manna waɗanda suka fi kyau a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.