DARASI: AMANA DA ƁOYE SUNA A KASUWAR KUƊIN INTANET

Darasinmu na yau a kan gidajen canjin kuɗin intanet ne, irin su Bitcoin da ya bayyana a 2009, wanda har yau ba a san ainihin wanda ya ƙago shi ba.

Da farko mu san yadda abin yake. Wannan kuɗi ba ya da takarda ko ƙarfe. Lissafi ne a cikin kundin da kowa ke iya dubawa, sai dai lambobi ke ciki a madadin sunaye. Wanda ke riƙe da mabuɗin sirri shi ke da iko da dukiyar, kuma abin da aka aika ba ya dawowa sai da yardar wanda ya karɓa. Idan mutum ya bar kuɗinsa a gidan canji, mabuɗin yana hannunsu, shi kuwa alkawari kaɗai ya riƙe. Wannan ajiya ce, ajiya kuma amana ce.

Na biyu, mu dubi abin da ya faru. A 2014 gidan Mt. Gox na ƙasar Japan ya rushe, ya ce Bitcoin 850,000 sun salwanta. A watan Nuwamba 2022 gidan FTX ya faɗi, bayan an karkatar da ajiyar mutane ta wajen dalar Amurka miliyar 8. A 2024 kotun Amurka ta ɗaure shugabansa, Sam Bankman-Fried, shekara 25. Shi wannan an san sunansa, shi ya sa shari'a ta kama shi. To, ina ga wanda ba a san sunansa ko garinsu ba?

Na uku, batun doka. Hukumomi suna tilasta wa gidajen canji su san mai hulɗa da su, domin toshe hanyar ɓarayi. A 2023 gidan Binance ya amince ya biya Amurka tarar dala miliyar 4.3 saboda sakaci da wannan ƙa'ida. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta hana bankunanta wannan hulɗa a 2021, sa'an nan ta janye hanin a ƙarshen 2023.

Malamai sun saɓa a kan hukuncin kuɗin kansa. Hukumar fatawa ta Masar ta haramta cinikinsa saboda garari. Amma babu saɓani cewa aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Ɗan canjin kasuwar Maraɗi ma, mun san rumfarsa da danginsa kafin mu miƙa masa ko dala.

Saboda haka kafin mu ba da ajiya, mu tambaya: wa ke da gidan? Wace hukuma ke sa masa ido? In ya ci amana, ina za mu kai ƙara? In babu amsa, mu riƙe abinmu.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da imaninmu, amin.