Wuri, Ɗan'uwan Dodon Koɗi

Kowa ya san wuri. Muna ganinsa a jikin layun 'yan dambe, da kitson matan Fulani, da faifan masu koli a kasuwa. A nan Sakkwato tsofaffi suna ce masa ijiya. Amma in muka tambaya, "Daga ina wuri ya ke fitowa?" sai wani ya ce dutse ne, wani ya ce ƙashi ne, wani kuma ya ce Turawa ne su ke ƙera shi. To, duk ba haka ba ne. Wuri gidan wata 'yar dabba ce ta cikin teku, 'yar'uwar dodon koɗin da mu ke gani a bakin gulbi da damina.

Masana sun kasa halittu dangi dangi, kamar yadda mu ke da kabila, da zuriya, da gida. Akwai wani babban dangi na masu taushin jiki, marasa ƙashi. A cikinsu akwai masu ƙoƙo biyu da ke buɗewa su rufe, kamar makankari. Akwai kuma masu gida guda murɗaɗɗe, waɗanda ke jan ciki, kamar dodon koɗi. Wuri yana cikin waɗannan na biyu. Zuriyarsa ta kai iri 200, galibinsu a tekuna masu ɗumi. Wani irin yana da ɗigo-ɗigo kamar damisa, girmansa ya cika tafin hannu.

Mai lura zai ce, "Malam, ai katantanwa a murɗe ta ke, wuri kuwa ba shi da murɗi." Gaskiya ne, tambaya ta yi kyau. Sa'ad da wuri ya ke ƙarami, gidansa a murɗe ya ke, marar kauri, mai faɗin baki, sai ka ce katantanwa. In ya girma sai leɓen gidan ya lanƙwasa ciki, ya yi kauri, ya rufe murɗin. Bakin ya zama 'yar tsaga doguwa, haƙora su fito a gefe biyu. Daga nan ya daina girma. Murɗin yana nan a ɓoye. Wanda ya sami wurin da aka goge bayansa, ya leƙa ciki, zai gan shi.

Sheƙin fa? Ba wanda ya goge shi. Dabbar tana da wata fata mai laushi wadda ta ke fitarwa ta dama da ta hagu, ta lulluɓe bayan gidan kamar mayafi. Ita wannan fata ce ke gina gidan, tana ta shafa masa sabon rufi, shi ya sa ya ke santsi kamar tangaran. In an taɓa ta sai ta janye duka ta shige ta tsagar nan. Da rana tana ɓuya ƙarƙashin duwatsu a ruwa marar zurfi, da dare ta fito kiwon gansakuka.

Iri biyu ne suka zama kuɗi a ƙasarmu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Liniyas, ya sa musu suna da Latin a 1758. Na fari ya ce masa moneta, watau kuɗi. Ƙarami ne, da wuya ya wuce inci guda, fari mai ratsin rawaya, gefensa da 'yan ƙullutai. Na biyu ya ce masa anulus, watau zobe, domin a bayansa akwai zane mai ruwan lemo da ya kewaye kamar zobe. Bayansa toka-toka ne, gefensa sumul, kuma ya ɗan fi na fari nauyi. Ku riƙe wannan bambanci, gama shi ne ya taɓa aljihun kakanninmu.

Na fari daga tsibiran Maldib ya ke zuwa, can cikin Tekun Indiya. Mutanen wurin su kan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa, dabbobin su manne, a jawo su waje, a bar naman ya ruɓe, a wanke. Matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a tsibiran, daga baya ya zo Mali a 1352. Ya ce a Maldib ana ba da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya, amma a Mali da Gawo 1,150 kurum. Kun ga abin da nisa ya ke yi wa kaya.

Daga baya jiragen Turawa suka riƙa kwaso shi zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma. Abin takaici, da shi suka sayi mutane da yawa suka kai bauta, sa'an nan manja. Daga bakin teku ya hauro ta ƙasar Yarbawa da ta Nufe. Littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya hau a 1703, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce.

A zamanin Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, 1837 zuwa 1842, fatake masu shigowa ta Ƙofar Atiku da wuri su ke ciniki, kuma kusan duk na Maldib ne. Ba a shirya shi a zare a ƙasarmu, zube shi a kan yi a ƙasa a ƙirga biyar biyar. Ashirin hauya ke nan, ɗari zangu, dubu zambar, dubu ashirin keso guda, watau kayan ɗan dako. Bature mai suna Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal guda na azurfa wuri 2,500.

A 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara kawo mai zoben nan daga Zanzibar, inda ya ke da araha ƙwarai. Aka karɓe shi daidai da na fari. Sai suka yi ta jibgo shi jirgi jirgi. To, abin da ya yi yawa daraja tasa faɗuwa ta ke yi. Kaya suka yi tsada, wanda ya tara keso a rumbu ya ga dukiyarsa tana raguwa ba tare da ɓarawo ya shiga ba. Ga kuma nauyi. Wani Bature, Robinson, da ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin dokinsa da ya kasa a hanya. Ya ce in ya sayar, sai ya ɗauki 'yan dako 15 su ɗauki kuɗin, ladansu kuwa ya fi kuɗin dokin.

Turawa suka ci Sakkwato a 1903. A 1904 suka hana shigowa da wuri, daga baya suka kawo sule da kwabo da anini. Mutanen ƙauye ba su saki wuri nan da nan ba, an daɗe ana sayen gishiri da daddawa da shi, kafin ya koma kayan ado.

Ranar aji mai zuwa kowa ya nemo wuri guda, wanda ba a goge bayansa ba. A tambayi iyaye mata, su kan ajiye. Za mu ƙirga haƙoransa, mu duba ko mai zobe ne ko mai ƙullutai, sa'an nan kowa ya rubuta a allonsa ko daga Zanzibar ya fito ko daga Maldib.