Alhassan Ɗantata na Bebeji: Darasi a Kan Shirya Gida

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7, Luka 12:13-21.

Ƴan'uwa cikin Kristi, darasinmu na wannan wata a kan wani attajiri ne wanda ba ɗan ekklesiya ba. Musulmi ne, cikin addininsa kuwa ya rasu. Kada wannan ya ba kowa mamaki, gama Ubangijinmu da kansa ya taɓa nuna wa almajiransa wayon mutanen duniya domin su koya (Luka 16). Ku da kuke aiki a masana'antun Bompai da Sharada, ko a majemun Challawa, kun san sunan Ɗantata sarai. Amma kaɗan ne suka san cewa mai sunan ɗan ƙaramin gari ne, maraya kuma.

An haifi Alhassan a Bebeji, kudu da Kano, a 1877. Iyayensa Agalawa ne, watau fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Yana yaro ƙarami ubansa Abdullahi ya rasu. Aka raba dukiya, ƴaƴa kuwa ba su isa riƙe ta ba. Uwarsu, wadda ita ma mai ciniki ce, ta tashi ta koma Ankara ta ƙasar Gana, ta bar su a hannun wata tsohuwar baiwa, ana ce da ita Tata. Daga nan sunan ya fito: ɗan Tata. Abin lura ne fa, mutumin da ya zama attajirin da ya fi kowa a ƙasar nan a zamaninsa, da sunan baiwar da ta goye shi duniya ta san shi, jikokinsa kuma da sunan nan suke amsawa har wa yau.

Da ya girma ya bi sawun uban. Ya shiga fataucin goro, sa'an nan ya gane kai kaya ta jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi bin ayari sauri. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, a 1918 kuwa kamfanin Neja ya ɗauke shi ya riƙa saya masa. Sa'ad da aka buɗe banki a Kano a 1929, an ce kuɗin azurfa da ya kai ajiya sun yi kayan raƙumi 20. Dalar gyaɗa da dattawanmu suke ba da labari, da sunansa ake haɗa ta.

Wannan duka mun faɗe shi a gaggauce, gama ba yawan dukiyar ne darasinmu ba. Dalar nan ma ina take? Fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun gama da ita. Masana'antu da yawa na Bompai da aka gina bayan zamaninsa, masaƙu da matatsun mai, yau ƙofofinsu a kulle suke, waɗansunku ma a can kuka rasa aiki.

Abin da muke so mu duba shi ne kwanakinsa na ƙarshe. A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ga ba mai tashi ba ne, sai ya kira ƴaƴansa da babban mai riƙe masa lissafi. Ya gargaɗe su su zauna tare, kada su yayyaga kasuwancin kowa ya kama gabansa, su riƙe zumunci, su kula da dangi. Ya rasu ran 17 ga Agusta, aka binne shi a gidansa a unguwar Sarari. Ƴaƴansa, su Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da aikin. Aminu ya rasu a 2025, shekara 70 bayan uban. Aliko Ɗangote kuwa, ta wajen uwarsa, jikan Sanusi ne.

A ganinmu yaron da ya ga abin da ya faru da gidansu ranar da ubansa ya mutu, shi ne tsohon da bai yarda mutuwa ta same shi bai yi magana ba. Ya san ɗacin abin tun yana ƙarami.

To, mu duba karatunmu. Sa'ad da Hezekiya ya kwanta ciwo, Allah ya aiki Ishaya ya gaya masa ya kintsa al'amuran gidansa, gama ajali ya yi. Ku lura, annabi bai ce masa ya yi addu'a kaɗai ya bar sauran ba. Hezekiya ya yi kuka, ya roƙi Allah, aka ƙara masa shekara 15, amma umurnin nan ba a janye shi ba. Yakubu ma ya tara ƴaƴansa goma sha biyu, ya yi wa kowa magana, har ya faɗi inda za a binne shi (Farawa 49). Waɗannan mutanen bangaskiya ne, ba su kuwa ɗauki maganar mutuwa abin kunya ko rashin dogara ga Allah ba.

Mu fa? A cikinmu akwai mai kanti, da mai injin niƙa, da mai sayar da itace, da tela mai keke uku. Yawancinsu lissafinsu a ka yake. Matar ba ta san wa ke bin mijinta bashi ba, ba ta san wanda shi yake bi ba, ba ta san inda takardar fili take ba. In ka ce masa ya rubuta wasiyya sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da rabon gado a tsare, alƙali yana da ƙa'idar da zai bi. Mu kuwa, in mutum ya tafi bai bar kome a rubuce ba, sau da yawa ƴan'uwan miji ne sukan zo daga ƙauye tun ba a share makoki ba, su kwashe keke da katifa, su sa wa kanti kwaɗo. Kowane mai wa'azi da ya daɗe a aiki ya zauna irin wannan zama, gwauruwa a gefe guda da jariri a baya, ƙannen mamaci a gefe guda, kowa kuwa jiya ya raira waƙa a bakin kabari. Manzo Bulus ya yi magana mai zafi a kan mai bi wanda bai tanada wa iyalinsa ba (1 Timoti 5:8). Ba mu ga dalilin da zai sa maganar ta tsaya a kan tuwon yau kaɗai ba.

Wani zai ce, ai a Luka 12 Yesu ya ƙi raba gado, ya kuma kira mai rumbuna wawa. Gaskiya ne. Amma ku sake karantawa. Mutumin nan da kansa kaɗai ya yi shawara, bai ambaci mata ba, bai ambaci ɗa ko bara ba, bai ambaci Allah ba. Tambayar da aka yi masa daren nan kuwa ita ce wa zai ci abin da ya tara, ba shi da amsa. Wanda ya shirya gidansa ya amsa rabin tambayar. Sauran rabin, watau shirin ransa gaban Allah, ba takardar da za ta amsa masa, ba mu kuwa da ikon auna wannan ga kowane mutum, ko attajirin Bebeji ko wani.

Ga abin da muke roƙon dattawan ekklesiya su yi kafin taron wata mai zuwa. Kowane magidanci ya sami littafi na rubutu, ya zauna da matarsa, su rubuta abin da suke da shi, da bashin da ke kansu, da wanda suke bi, da wanda zai riƙi ƴaƴa in ta Allah ta kasance. Shaidu biyu su sa hannu, waɗanda ba su da rabo a ciki. Mai fili ko gida ya nemi lauya ya tsara masa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo wurin magatakardan ekklesiya bayan sujada.