Darasi: Ciwo da Inji Ba Su Kashe Haƙƙin Ma'aikaci

Kowace shekara, in anka gama girbin hatsi, samarin Korgom da ƙauyukanta suna fita neman kuɗi. Wasu suna tsayawa Tasawa ko Mayahi. Wasu suna wucewa Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Cikinsu akwai masu kama aikin albashi: dako ga sito, gadi, aikin gini, aikin gidan burodi ko na gidan mai.

Abu biyu sun cika raba waɗanga mutane da aikinsu. Na farko ciwo, na biyu inji. Sau da yawa tare suke zuwa.

Ga misali. Wani lebura shina dakon buhunna ga wani sito. Ciwon baya ya kada shi. Ya roƙi hutun jinya, ubangidanshi ya hana. Ya kwanta kwana 20. Da ya komo, ya iske an sawo injin ɗaukar kaya. Anka ce mishi babu wuri. Ya ɗauki jakarshi ya koma ƙauye, ba albashi, ba kuɗin sallama.

Haƙuri abu ne mai kyau. Amma wanga lebura ya baro haƙƙinshi baya, don bai san doka ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wace doka ce?

Ita ce dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012. Tushenta ya daɗe. A 1946 anka hana aikin tilas cikin ƙasashen da Faransa ke mulki. A 1952 anka yi musu dokar aiki. Tun sannan ƙarfin mutum ya bar zama abin ɗauka kyauta.

Dokar ta shafi duk wanda ke aiki ƙarƙashin wani don albashi, ko da baki kaɗai anka shirya. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da tasu doka dabam.

In ciwo ya zo

Ciwo ba laifi ba ne. In likita wanda hukuma ta yarda da shi ya duba ma'aikaci, ya ba shi takardar hutu, aikin ya dakata ke nan, bai mutu ba. Doka ta ce a jira marar lafiya har wata 6. Cikin wanga lokaci wurinshi na nan. Da farkon jinya kuma ubangida na biyan shi wani abu.

Amma takardar likita ita ce shaida. Wanda ya yi jinya gida da sassaƙe da rubutun sha kaɗai, ba ya da abin nunawa. Ana iya cewa gudu ya yi daga aiki. Saboda haka marar lafiya ya tafi asibiti tun da wuri. Akwai asibitin gwamnati Tasawa, akwai Mayahi, akwai Maraɗi. In ya karɓi takarda, ya sa a yi mata hoto. Ya aika guda ga ubangida, ya ajiye guda.

In wurin aiki ne mutum ya ji ciwo, kamar buhu ya faɗo mishi ko inji ya yanke shi, wannan haɗarin aiki ne. Ubangida na da awa 48 ya sanar. Asusun ma'aikata, wato CNSS, shi ke ɗaukar magani da diyya. Don haka tun ranar kama aiki, ma'aikaci ya tambaya ko an rubuta sunanshi ga wanga asusu.

Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14. Ba a korar ta cikin wanga hutu.

In inji ya karɓe aiki

Inji ba baƙo ba ne ga mutanen karkara. Injin niƙa ya rage daka. Injin ɓarar gujiya ya rage ɓara da hannu. Cikin birni ma haka ne: injin ɗaukar kaya na rage ƴan dako, kwamfuta na rage malaman ofis.

Doka ba ta hana mai kamfani sayen inji ba. Ba ta hana shi rage ma'aikata ba in aikinsu ya ƙare. Abin da ta hana shi ne kora ta ba-zata. Sai ya zauna da wakilan ma'aikata, waɗanda ake ce ma delege, da sanin sufeton aiki. Sai ya faɗi dalili a rubuce. Wanda anka sallama ta wanga hanya shina da:

1. Lokacin gargaɗi kafin sallama, ko kuɗin wannan lokaci.
2. Kuɗin sallama, in ya cika shekara 1 ga aikin. Yawansu na bin yawan shekarun da ya yi.
3. Kuɗin hutun shekara da bai sha ba.
4. Takardar shaidar aiki, mai nuna ranar shiga da ranar fita.
5. Fifiko na shekara 2: in kamfanin ya sake neman irin aikinshi, shi za a fara kira.

Ina za a kai kuka?

Mai gari da sarkin kanto suna sasanta rigimar gona da ta aure. Rigimar albashi tana da tata ƙofa.

Mataki na farko, delege ko sandika, kamar USTN ko CDTN. Sun san hanya, suna raka mutum.

Mataki na biyu, ofishin sufeton aiki na Maraɗi. Sufeto na kiran ubangida da ma'aikaci, ya ji ta bakin kowa. In sun shirya, a rubuta, kowa ya sa hannu. In ba su shirya ba, shi ma a rubuta.

Mataki na uku, kotun ma'aikata. Alƙali na zama tare da wakilin masu ba da aiki da wakilin ma'aikata. Shigar da ƙara ga wagga kotu kyauta ne.

Talaka na tsoron kuɗin lauya. Don shi anka kafa hukumar taimakon shari'a, ANAJJ, da dokar ranar 14 ga Disamba 2011. Tana da ofis ga babbar kotun Maraɗi. Shawararta kyauta ce. Tana kuma iya sama ma marar hali lauya.

Abin da za a riƙa a tafi da shi

Takardar likita. Takardun biyan albashi. Takardar kora. Katin ɗan ƙasa. Sunayen abokan aiki waɗanda sunka ga abin da ya faru. Wanda ya iya rubutu ya sami ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da ya kama aiki da kuɗin da anka ba shi kowane wata.

Kada mutum ya dangwala yatsa ga takardar da bai karanta ba. Ya karanta, ko ya sa amintacce ya karanta mishi. Wanda ya riga ya sa hannu kada ya fid da rai: sa hannu ga takardar biya ba ya hana shi neman sauran kuɗinshi. Sai dai kada a daɗe, don ƙarar albashi tana da wa'adi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Masu ƙetarawa Katsina ko Kano su sani, can dokar Najeriya ke aiki. Ita ta ba ma'aikaci kwana 12 na hutun jinya da albashi cikin shekara, shi ma sai da takardar likita.

Tambayoyi

1. Mi ke shaida cewa ma'aikaci jinya ya yi, ba gudu ba?
2. Wata nawa doka ta ce a jira marar lafiya?
3. Wa ake fara gani kafin a tafi kotu?

Lissafi

Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana 2 da rabi ga kowane wata na aiki. Kwana nawa ke nan cikin wata 12? Tun Janairu 2024, albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne ga wata. Lebura da anka hana ma albashin wata 3, jika nawa yake bi?