Aikin kammala karatun injiniya: tun ran gini ran zane

Wani ɗalibi da ke aji biyar a sashen injiniyan aikin gona ya aiko mini da kukansa. An amince masa ya ƙera na'urar busar da tumatir da hasken rana a matsayin aikin kammala karatu, amma wata biyu ke nan bai yi komai ba sai tara takardu daga intanet. Abokansa sun ba shi shawarar ya kai wa mai walda hoto ya haɗa masa, sannan ya nemi tsohon kundi ya sauya masa suna. Kuɗinsa kaɗan ne, lokaci kuma yana gudu. Tambayarsa ita ce: ta ina zai fara?

Ɗana, na ji daɗi da ka tambaya kafin ka bi shawarar abokanka. Shekara da shekaru ina duba irin waɗannan ayyuka, kuma ciwon da ke kashe mafi yawansu guda ɗaya ne: ɗalibi yana zaton na'urar ita ce aikin. Ba ita ba ce. In don akwati mai gilashi da fenti ne, maƙeran Panteka a Kaduna ko na Ƙofar Ruwa a Kano za su haɗa wanda ya fi naka kyau cikin kwana uku, ba tare da sun zauna shekara biyar a aji ba. Abin da malamanka ke son gani shi ne ka yi lissafi kafin a yanka ƙarfe, ka yi awo bayan an haɗa, kuma ka iya faɗin dalilin kowane abu da ka zaɓa. Wannan ne ya raba injiniya da mai kwaikwayo.

Don haka ka rufe kwamfutar tukuna, ka hau mota ka je inda ake noman rani, kamar Kadawa ko Kura. Ka zauna da masu yin kauɗa. Ka ga yadda suke yanka tumatir suna shanyawa a ƙasa, ƙura na zuba, ƙuda na bi, awaki na raɓawa. Ka tambaye su kwana nawa yake ɗauka kafin ya bushe, kwando nawa suke yankawa a yini, me ke ɓata musu kaya, kuma nawa za su iya kashewa a kan abin da zai sauƙaƙa musu. Idan ka dawo, ka rubuta manufarka a jimla ɗaya tak, mai lamba a ciki. Misali: busar da kilo 10 na yankakken tumatir cikin kwana uku, ba ƙura ba fumfuna, da na'urar da kafinta da mai walda na gari za su iya haɗawa. Manufar da ba ta da lamba ba za a taɓa sanin an cim mata ko ba a cim mata ba. Kalmomi irin su "inganta rayuwar manoma" ka bar su ga masu jawabi a taro.

Kada kuma ka raina ƙaramin batu. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, tukunya ya saka a cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke turara daga yashin shi ke ɗauke zafi, kayan miyan da ke ciki su yi sanyi. Ba lantarki, ba injin. Wannan ne ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tare da dala 75,000. Abin da ya gamsar da duniya kuwa shi ne ya zo da lamba a hannu: yalon da ke lalacewa cikin kwana uku ya kai kwana 27 a cikin tukunyar. Ni dai na fi ganin darajar ɗalibin da ya warware ƙaramar matsala har ƙarshe a kan wanda ya ce zai ƙera jirgi mara matuƙi ya tsaya a babi na biyu. Wanda bai riga ya zaɓi batu ba, ya waiwayi wata shidan da ya yi a aikin koyon sana'a na SIWES. Da wuya a ce bai ga wani abu da ke wahalar da ma'aikata a can ba.

Yanzu sai lissafi, kuma nan ne nake son ka daɗe. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari nasa ruwa ne. Ke nan a kilo 10, tsantsar naman bai wuce kilo 0.6 ba. Idan kana son kauɗar ta rage da danshin kashi 10 kacal, nauyinta na ƙarshe zai zama kimanin kilo 0.67. Ruwan da za ka kora ya kai kilo 9.3. Kowane kilo na ruwa yana cin kusan megajul 2.4 na zafi kafin ya zama tururi, ka ga ana maganar megajul 22 ke nan. A yankin Kano, hasken ranar da ke sauka kan murabba'in mita ɗaya a yini yana kaiwa wajen megajul 20. Amma na'urarka ba za ta ci moriyarsa duka ba. Wani gilashi zai mayar, wani zai zurare ta jikin akwati, wani iska za ta fita da shi. Mu ɗauka rubu'i ne ya yi aiki, wato megajul 5 a yini. Murabba'in mita ɗaya zai buƙaci fiye da kwana huɗu. In kwana uku kake so, sai faɗin wurin tara zafin ya kai kusan murabba'in mita ɗaya da rabi. Ka ga a shafi ɗaya ka san girman gilashin da za ka saya, ka kuma san abin da za ka faɗa ranar da aka tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan girman. Haka batun jingina: Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka fuskar na'urar ta kalli kudu, a karkata ta gwargwadon hakan.

Bayan lissafi sai kalanda. Ka samo ranar da ake sa ran kare kundi, ka riƙa ƙirgawa baya. Ware mako uku na ƙarshe don gyaran rubutu da bugawa da ɗinki. Kafin su, wata guda cur na gwaji. Duk abin da ya rage shi ne lokacin zane da sayayya da ƙira, kuma za ka tarar bai kai yadda kake zato ba. Aikinka ma yana da wani sarki da ba ya jiran kowa, wato yanayi. Tumatir yana araha a watannin rani, lokacin da rana take tsaye kuma iska a bushe. In ka yi sakaci har damina ta sauka, ga hadari, ga danshi, ga tsadar kwando. Sakamakon da za ka samu ba zai nuna gaskiyar na'urar ba. Game da kuɗi, ka zaga kasuwa da kanka ka rubuto farashin gilashi da katako da kwano da raga da baƙin fenti, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Kafin ka taɓa kuɗin gaske, ka haɗa ɗan ƙarami da kwali da leda mai haske. Kuskuren da kwali ya nuna maka kyauta ne.

Zuwa wurin mai walda ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka miƙa masa hoto a waya ka ce sai ka dawo. Ka je da zanenka mai awo a kowane gefe, ka tsaya a kan aikin, ka saurare shi idan ya ce wannan kusurwa ba za ta riƙe ba, don sau da yawa yana da gaskiya. Duk sauyin da aka yi ka mayar da shi cikin zanen a ranar. Kuma don Allah kada ka kalli wutar walda da ido tsirara.

Ka sayi littafi mai kauri, mai ɗinki, wanda ba a cire masa shafi. Kullum ka taɓa aikin, ka rubuta kwanan wata, abin da ka yi, abin da ka saya da kuɗinsa, abin da ya ƙi, da abin da kake zargi. Ka ɗauki hoto a kowane mataki. Ɗalibai suna raina wannan littafi, alhali shi ne babi na uku da na huɗu tun kafin a rubuta su. Wanda ya ce zai tuna, bayan wata uku ko kaurin yankan tumatirinsa ba zai iya faɗa ba.

Gwaji kuma ba ya yiwuwa sai da abin kwatance. Ka raba tumatir iri ɗaya, yanka ɗaya, gida biyu: rabi a na'ura, rabi a faranti a fili ƙarƙashin rana, kamar yadda manomi ke yi. Ka auna nauyin kowanne da sikeli a lokuta tsayayyu, ka rubuta zafin ciki da na waje, ka maimaita aƙalla sau uku. Gwaji ɗaya labari ne kawai.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani ɗalibina ya taɓa haɗa irin wannan na'ura, ya toshe kowace kafa da kyau don kada zafi ya fita. Da azahar ma'aunin zafi ya haura digiri 70, yana ta murna. Da muka leƙa sai ga ruwa ya taru a cikin gilashin yana ɗiga, tumatirin ya dahu ya yi laushi, washegari ya fara tsami. Zafi ya samu, amma danshin ba shi da hanyar fita. Bushewa aikin iska ne kamar yadda take aikin rana: busasshiyar iska ta shigo ta ƙasa, ta yi zafi, ta ratsa farantan, ta kwashi danshi ta fice ta sama. Ya zo ofishina ransa a ɓace, yana roƙon a manta da wancan gwajin. Na ce masa ko kusa. Ya buɗe kafa a ƙasa, ya ɗora ɗan bututun fitar iska a sama, zafin ya sauko tsakanin 50 da 60, kauɗar ta fito ja jawur. A kundinsa ya ajiye sakamakon biyu gefe da gefe, ya bayyana dalilin bambancin. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a don jarrabawa a kan wannan shafin ya fi daɗewa, kuma shi ne ya ɗaga makin yaron.

Shi ya sa nake gargaɗinka game da gyara lambobi. Mu da muke karantawa mun san kamannin awo na gaskiya: yana da ɗan hawa da sauka, akwai ranar da gajimare ya tare rana, akwai ranar da sikeli ya yi gardama. Jadawalin da ya miƙe sumul kamar an ja shi da rula shi ke fara tayar mana da zargi. Abin da ya fi damuna ma ba makin ba ne. Yaron da ya saba ƙirƙiro lamba a kan tumatir, gobe shi za a ba gada ko ginin bene, kuma a can rayuka ake asara.

Rubutun kundin kada ka jira sai an gama komai. Babi na uku, na hanyoyin aiki, ka rubuta shi kana cikin yi, dalla-dalla yadda wani a Maraɗi ko Yola zai karanta ya haɗa irin na'urarka ba tare da ya kira ka ba. Babi na biyu ba wurin jibge duk abin da ka sauke daga intanet ba ne. Ayyuka goma da ka karanta da gaske, ka faɗi abin da kowanne ya yi da inda ya gaza, sun fi hamsin da ka kwafo sunayensu. Duk maganar da ba taka ba ka ambaci mai ita. Makarantu da dama yanzu suna bi da kundi ta manhajoji irin su Turnitin, kuma ko ba manhaja, tambaya biyu ta isa a gane wanda bai rubuta abin da ke hannunsa ba. A babi na huɗu kada ka tsaya a jera jadawali. Ƙarƙashin kowanne ka faɗi abin da ya nuna da dalilinsa, ka koma ga lissafinka na farko ka gwada: ka yi hasashen kwana uku, kwana nawa aka yi, ina ragowar zafin ya tafi? Kowace lamba da ma'auninta, kilo ne ko giram. Babi na biyar ya amsa jimlar nan ɗaya da ka fara da ita, e ko a'a, sannan ya gaya wa na bayanka inda zai ɗora. Taƙaitawar farkon kundi ita ake rubutawa a ƙarshe.

Malamin da ke duba aikinka yana da ɗalibai da yawa, ga darussa, ga taruka. Kada ka je masa hannu rabbana kana cewa ka zo gaisuwa. Ka je da shafi biyu da tambaya ɗaya takamaimai, duk mako biyu, ka rubuta abin da ya ce a gabansa. Idan aikin na rukuni ne, a raba shi a rubuce tun farko, amma kowa ya san lissafin gaba ɗaya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi: masu jarrabawa sun ƙware wajen jefa tambaya ga wanda ya laɓe a baya.

Ranar karewa ka zo da littafinka mai ɗinki, da ledar kauɗa biyu, ta na'ura da ta fili, ka ajiye a kan tebur. In aka tambaye ka abin da ba ka gwada ba, ka ce ba ka gwada ba.

Wata biyun da suka wuce sun riga sun wuce, ɗana, amma aikin bai ɓaci ba. A wannan makon ka sayi littafin, ka sayi kilo ɗaya na tumatir, ka yanka, ka shanya a fili, ka riƙa aunawa safe da yamma har nauyin ya daina raguwa. Lambobin da ka samu ka kai wa malaminka ranar Litinin, tare da jimlar manufarka da shafin lissafinka.