Abin Da Sa Ke Gani Da Abin Da Ba Ya Gani

Manoman Kiru da Bebeji da Tudun Wada har Doguwa, yawancinku da shanu ku ke huɗa. Fatake kuma kullum suna loda dabbobi a mota suna bi ta Kwanar Dangora. To, sau da yawa a kan ce sa ya yi taurin kai, a hau shi da duka, alhali kuwa ba taurin kai ba ne. Idonsa ne ba irin namu ba.

Ku duba, idanun mutum a gaba su ke, na sa kuwa a gefen kai. Saboda haka sa yana ganin kusan duk kewayensa ba tare da ya juya ba, sai dai wuri guda, watau daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta nan shiru, lalle ya razana shi, shi ne a kan sha harbi. In za ka ɗora karkiya, ka zo ta wajen kafaɗa, kana yi masa magana.

Amma wannan faɗin gani yana da aibu. Sa ba ya iya gane zurfin abu sosai sai ya sunkuyar da kai ya duba. Inuwar itace da ta gitta hanya, ko bakin kwalbati, ko duhun cikin mota, duk yana iya ɗaukarsu rami ne. In ya ja ya tsaya, ka ba shi ɗan lokaci ya sunkuya ya gani, sa'an nan zai wuce da kansa. Masu lodi su juya mota yadda haske zai shiga cikinta, gama dabba ta fi son fita daga duhu zuwa haske, muddin ba rana ce ke dukan idonta ba. Wata masaniya a Amurka, Temple Grandin, ta yi shekaru tana gyara shingayen shanu bisa wannan ilmi.

Kunnensa kuma ya fi namu kama siririyar ƙara. Ihu da ƙarar ƙarfe suna gigita shi, in kuwa ya firgita, ya kan yi minti 20 zuwa 30 kafin zuciyarsa ta kwanta. Ashe mai tsawa a gona, aikinsa ya ke ragewa da hannunsa. Ku lura da Fulanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore, yaro ƙarami ya kan shiga gaba da kira a hankali, garke duka na biye.

Sai hanci. Sa yana jin warin fitsarin ɗan'uwansa da ya tsorata, shi ma ya ƙi wurin, don haka a wanke dandaɓin mota kafin sabon lodi. Bijimi kuwa in ya sansana fitsarin saniya ya ɗage leɓe sama, bincike ya ke yi ko ta isa barbara. In ya nace da binta, mai ita ya rubuta ranar, ya ƙidaya kamar kwana 283, ya shirya wa haihuwa.